Kurar Jumare

Wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Kontagora ba ya rasa sanin Jumare mai kura. Ranar kasuwa yakan nemi gindin ɗorawa ko mangwaro ya shimfiɗa buhu, ya jera ƙullin magungunansa, na basir da na shawara da na ciwon baya. In ya gama sai ya ɗaura akayau a ƙafa, ya jawo sarƙa, kurarsa ta fito daga cikin akwakun katako tana ɗingishin nan nasu na gado. Kafin a jima mutane sun yi da'ira. Kura ke tara jama'a, magani ke ciyar da gida. Haka ya taras mahaifinsa yana yi, haka shi ma ya yi har furfura ta cika masa gemu.

Sunan kurar Lami, don ranar Alhamis ya karɓo ta daga hannun wani maharbi a wajen Kumbashi, lokacin ba ta fi kwikwiyo ba. Matarsa Lauratu ce ta raine ta da nonon akuya a gefen murhu. Da ta fara tasawa sai Jumare ya yi mata abin da ake yi wa kowace kurar wasa: ya sa aka danne ta, ya karya mata fiƙoƙi da filaya, ya saƙa mata takunkumin igiya. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin mugunta ba. A wurinsa daidai yake da huda hancin bijimi. Yakan ba ta nama kafin ya sa loma a bakinsa, in ana ruwa ya rufe akwakunta da buhunan leda, in wani yaro ya jefe ta ya bi shi har gidan ubansa. Sun fi shekara goma tare.

A ƙarshen wata damina Lami ta fara ƙin abinci. Sai ta ɗauki ƙashi ta riƙe, ta ajiye, ta koma gefe. Kuncinta na hagu ya kumbura, bakinta yana wari. Jumare ya jiƙa sassaƙe ya ɗura mata, ya yi mata hayaƙi, abin bai ragu ba.

"Malam, ka je gidan birai ka kira likitar nan," in ji Lauratu. "An ce hannunta yana da kyau."

Gidan birai wani fili ne a bayan gari, kan hanyar Salka, inda wata ƙungiya ke ajiye namun dajin da aka karɓo daga hannun mutane. Birai suka fi yawa, shi ya sa sunan ya bi shi, amma akwai kada guda da kunkuru da wata jimina mai karyayyen fiffike. Likitar wurin ita ce Rhoda Bitrus, 'yar Salka. Ba ta daɗe da dawowa daga wani kwas a ƙasashen Asiya ba, kuma tun da ta dawo take cike da ɗokin abin da ta koyo.

Da hantsi ta zo gidan Jumare a motar ƙungiya. Ganin mota a ƙofar gidan mai kura ya jawo maƙwabta, suka cika zaure da tsakar gida. Rhoda ta tsugunna gaban akwakun ta daɗe tana kallo. Ta haska tocila ta tsakanin igiyoyin takunkumin, ta ga dasashi ya yi baƙi, ruwa yana tsatsa daga inda fiƙar sama take a da.

"Baba, yaushe aka karya mata haƙora?"

"Tun tana ƙarama. Ai wannan ya warke da daɗewa."

"Bai warke ba. Saiwar tana nan a ciki, ta ruɓe, ruɓar ta shiga ƙashi. Shekara da shekaru tana jin ciwon nan. Yanzu ne dai ya fi ƙarfinta."

Jumare ya ce shi allura yake so a yi mata. Rhoda ta ciro wayarta ta nuna masa bidiyon wata baƙar dabba mai gashi buzu-buzu tana kwance kan tebur, mutane sanye da fararen kaya sun kewaye ta.

"Wannan wace irin halitta ce?"

"Beyar ake ce mata. Babu ita a ƙasarmu. Can inda na je, mutane kan kulle su a keji suna tatsar ruwan matsarmamarsu don magani, suna karya musu haƙora kamar yadda aka yi wa Lami. Yanzu ana karɓo su. A sa su barci, a ɗauki hoton ƙashin, a cire ruɓaɓɓiyar saiwa, a ɗinke. Wannan da ka gani ta shekara ashirin a keji. Ga ta bayan wata uku."

A bidiyo na biyu dabbar tana birgima cikin ciyawa, tana wasa da gungumen itace. Maƙwabta suka yi ta leƙe ta saman kafaɗar Jumare.

"Muna da kayan aikin yanzu," in ji Rhoda. "Zan iya yi wa Lami. Amma in na yi, ba za ta koma takunkumi ba. Igiya a kan ɗinki za ta mayar da ciwon sabo. Sai dai ta zauna a wurinmu."

"Har yaushe?"

"Har ƙarshen ranta."

Jumare ya ce kaka ta ƙarato, lokacin da kasuwa ke ci ke nan, a bari a gama girbi sannan a yi magana. Wani daga cikin maƙwabta ya yi dariya ya ce Jumare ba kura ai sai ka ce makaɗi ba ganga. Rhoda ta dubi Lami da ke kwance ta ɗora kumburarren kunci a kan katako, ranta ya ɓaci.

"Baba, ka san doka ta hana riƙe naman daji haka? In na ga dama gobe ma'aikatan gandun daji za su zo su ɗauke ta, ko ka yarda ko ba ka yarda ba."

Jumare ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Likita, don magani na kira ki, ba don shari'a ba. Allah ya huta gajiya."

Lauratu ce ta raka ta mota. Rhoda ta ba ta ƙwayoyi a leda, ta ce a riƙa cusa su cikin nama safe da yamma, za su rage kumburin amma ba za su warkar ba. Tun a hanya ta san ta yi ɓarna. Ba ta da niyyar kiran kowa, kuma ta san dattijo ba a yi masa barazana a gaban maƙwabtansa. Washegari ta sayi goro ta koma don ta ba shi haƙuri. Ta taras da Lauratu ita kaɗai tana shara. Inda akwakun yake sai ƙasa mai danshi da ƙudaje.

"Tun da asuba ya samu mota suka tafi," in ji Lauratu. "Bai ce mini ga inda za shi ba. Ya dai ɗauki maganin."

Rhoda ta yi ta kiran wayarsa, a kashe. Ta riƙa biyowa ta gidan lokaci zuwa lokaci, Lauratu ta ce ita ma sai dai saƙon baki take samu daga direbobi, an gan shi a wannan kasuwa, an gan shi a waccan. Duk da haka Rhoda ta sa Shadrach, mutumin da ke kula da dabbobin gidan birai, ya kewaye wani fili da waya, ya haƙa ɗan kududdufi, ya gina rami mai rufi a gindin wata tsamiya.

Shi kuwa Jumare ƙauyukan Mariga ya nufa, inda yake ganin ma'aikata ba za su bi shi ba. Da farko abin ya yi masa daɗi. Ƙwayoyin suka yi aiki, kumburin ya sace, Lami ta koma cin nama in an yanka mata ƙanana. Ya ce a ransa likitar ta cika baki ne kawai, ga shi ta warke. Ya ci kasuwar Kumbashi da na kewaye, manoma sun sayar da hatsi, magani ya yi ta fita. Da ƙwayoyin suka ƙare sai kumburin ya dawo, ya fi na da, ya fashe a ƙarƙashin idonta. Idon ya yi fari. Jumare ya san abin da ya kamata ya yi, amma kowace safiya sai ya ce bari a ci kasuwa ɗaya tukuna. Kunyar komawa ya tsaya gaban yarinyar da ta yi masa faɗa ta fi komai yi masa nauyi.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar wasa, Lami ta kwanta a cikin da'irar. Ya girgiza akayau, ya ja sarƙa, ya kira sunanta. Ba ta tashi ba. Ya sake ja da ƙarfi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, "Bawan Allah, ƙyale ta haka. Ba ka ga ta gaji ba?" Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Jumare ya tattara ƙullin maganinsa ya tafi neman motar Kontagora.

Ko gida bai biya ba. Rhoda tana wanke wa jimina rauni ta ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, Jumare yana baya ya dafa akwakun. Ta fara cewa, "Baba, maganar da na yi ran nan…" Ya ɗaga hannu.

"Bar wannan, Likita. Ga ta nan. Ki yi abin da za ki yi."

Sai da aka yi kwanaki ana ba Lami ruwa da magani kafin ta yi ƙarfin da za a sa ta barci. Ranar aikin Rhoda ta bar Jumare ya tsaya a gefe. Ta hura allurar barci ta cikin bututu ta soki cinyar Lami. Da jikinta ya saki, Shadrach ya sa almakashi ya yanke takunkumin. A ƙarƙashinsa gashi ya ƙare, igiya ta yi kwari a kan ƙashin hanci, kwarin da yatsa zai iya kwanciya a ciki. Jumare shi ya saƙa takunkumin nan, shi yake sabunta shi duk shekara, amma bai taɓa tsayawa ya dubi wurin da rana tsaka ba.

Aka maƙala mata wata 'yar na'ura a harshe mai nuna bugun zuciya. Aka ɗauki hoton muƙamuƙin da wani inji da bai fi akwatin rediyo ba, nan take ya fito a fuskar kwamfuta. Rhoda ta nuna masa da yatsa: ga saiwoyin fiƙoƙin, ga duhun da ke kewaye da su inda ƙashi ya cinye. Ta yi ta aiki har rana ta take. Ta ciro gutsattsarin haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana sakawa a faranti, baƙaƙe kamar gawayi. Idon hagu bai cetu ba, ta cire shi ta ɗinke fatar. Da aka gama sai Jumare ya fita ya zauna a gindin tsamiya ya rufe fuska da hularsa.

Lami ta farfaɗo. Da ɗinkin ya kama aka sake ta cikin filin. Abin da ya ba Shadrach mamaki shi ne ba ta yarda ta yi nisa. Sai ta tsaya wuri ɗaya ta riƙa kewayawa, iyakar tsawon sarƙar da babu ita, har ƙafafunta suka yi turba a cikin ciyawa. Rhoda ta ce ta ga irin wannan a wurin beyar ɗin can, ba a gaggawa da shi. Ta koya wa Shadrach ya daina ajiye nama a kwano. Ya riƙa ɓoye shi a kogon itace, ko ya binne shi sama-sama, yau kusa, gobe nesa kaɗan. Yunwa da hanci suka riƙa fitar da Lami daga da'irarta taku bayan taku. Ta fara tona ƙasa. Wata rana da zafin rana Shadrach ya zo da gudu-gudu ya kira Rhoda, suka tarar da ita kwance tsamo-tsamo cikin kududdufi, hanci kawai a waje.

Jumare yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko masallaci, da ƙunshin hanta a hannu. Da zarar ya yi sallama Lami ta ji muryarsa, sai ta bar abin da take yi ta taho bakin waya, ta kwanta ta miƙa wuya, kunnuwa a kwance.

"Kin gani ko, Likita? Ta san ni. Ba ta manta ba."

Rhoda ta lura jikin Lami rawa yake yi, ta kuma lura duk ranar da ya zo ba ta cin abinci sai washegari, kuma takan koma kewayen da'irarta. Ta so ta faɗa masa. Ta tuna abin da bakinta ya jawo a baya, ta fasa.

Shi da kansa ya gano. Wata Juma'a ya iso bai taras da kowa a ƙofa ba, sai ya zagaya ta bayan zanar da aka kafa a gefen filin. Ta kafar zanar ya hango Lami tana birgima cikin taɓo, ta kama wani tsohon ƙaho da dasashi tana wurgawa sama tana bi, tana wani gurnani mai taushi da bai taɓa ji daga bakinta ba duk zamansu. Ya daɗe yana kallo yana murmushi. Sai tari ya kama shi. Nan take ta daskare. Ta saki ƙahon, ta jawo ciki a ƙasa zuwa inda ta ji tarin, ta miƙa wuya ta rufe ido. Yanzu ya ga rawar jikin. Ya gane takunkumi take jira.

Ya samu Rhoda a ɗakin magani.

"Ashe tsorona take ji."

"Ta saba da kai, Baba. Kai ka ciyar da ita."

"Na ciyar da ita. Amma ba murna take yi ba in ta gan ni. Ke kin sani tuntuni."

Rhoda ta sunkuyar da kai.

Bai daina zuwa ba, sai dai ya daina sallama. Yakan ba Shadrach hantar, ya duba inda iska ke kaɗawa, ya zauna bayan zana ta inda ƙanshinsa ba zai kai mata ba. In tari ya taso masa sai ya tashi ya yi nisa. Wani lokaci Lauratu takan biyo shi, su zauna tare suna kallo kamar masu leƙen amarya.

Haka aka ci rani. Da bazara ta kama sai Shadrach ya lura Lami tana shan ruwa fiye da kima, tana ramewa duk da tana ci. Rhoda ta ɗebi jininta ta aika birni. Sakamakon ya dawo: ƙodojinta sun lalace. Ruɓar da ta daɗe a muƙamuƙi ta bi jini ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Aka riƙa yi mata ƙarin ruwa, aka canja mata abinci, ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa. Ruwan farko ya sauka tana kwance a bakin raminta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Rhoda ta aika aka kira Jumare. Ta gaya masa babu sauran abin yi, abin da ya rage wahala ce kawai, kuma akwai allurar da za ta sa ta barci ta wuce a cikinsa.

"Za ta ji zafi?"

"A'a."

"To a yi yau. Amma kada ta gan ni. In ta yi barci ki kira ni."

Haka aka yi. Da numfashinta ya yi nauyi Rhoda ta yafito shi. Ya shigo filin a hankali, ya tsugunna, ya ɗora hannu a kan kanta, ya shafa wurin kwarin igiyar inda gashi ya fara tsirowa. Yana nan har Rhoda ta cire na'urar saurare daga kunnenta. Shi da Shadrach suka haƙa rami a gindin tsamiya, ƙasa ta yi laushi saboda ruwan da aka yi.

Suna wanke hannu ya ce, "Likita, zan tambaye ki, kada ki rufe ni. Da na ba ki ita ranar da kika fara zuwa, da ta rayu?"

Rhoda ta so ta ce Allah kaɗai ya sani. Ta dube shi ta ga ba wannan yake nema ba.

"Da ta rayu, ina zato. Da idonta biyu. Kura takan kai shekara ashirin da wani abu in ta samu kulawa."

Ya gyaɗa kai.

"Ni ma da na iya bakina," in ji ta, "da ba ka tafi ba. Na je da safe in ba ka haƙuri, na taras ka wuce."

"Lauratu ta gaya mini. Ko da kin same ni, ban san ko zan ji ba." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Ki gaida mutanen gida."

Bayan wata biyu wani maharbi ya kawo wa Jumare 'yar kura har gida, ya ce ya ji tasa ta mutu. Jumare ya ce ya mayar da ita inda ya ɗauko. Maharbin ya yi dariya ya tafi da ita, aka ce ya sayar wa wani mai wasa daga Zuru. Filin Lami kuwa aka zuba wasu gwaggon birai biyu da aka karɓo daga tashar mota.

Jumare yana nan yana sayar da magani a bakin kasuwar Kontagora, kusa da masu gyaran keke. Ba da'ira, ba akayau, masu tsayawa kaɗan ne, yawanci tsofaffin da suka san shi. Lauratu ta fara soya awara a ƙofar gida don a samu na cefane. In Rhoda ta biyo ta wurin takan tsayar da mota ta sauko su gaisa. Ta tambaye shi tari, ya tambaye ta jimina da kada. Sai ya matsa mata buhu ta zauna kaɗan, su yi kallon masu wucewa, sannan ta ce aiki yana jiranta.